Ramin Gefen Kunya

Laraba, 6 ga R/Sani, bayan magariba

Yau rana ta fito wa ramina na cikin wata. Tun la'asar na fito da madubin hangen nesa, na kafa masa ƙafafunsa a gefen rijiya. Sai da na zauna a kan turmi na huta kafin in ƙarasa da shi. Da, matata Talatu ce ke ɗauko ƙafafun, ni in rungumo bututun, tana cewa tsofai-tsofai da ni ina wasa da bindigar kwali.

Ramin yana nan inda na bar shi watan jiya. A cikin wata akwai wani fili mai duhu, shimfiɗaɗɗe, Turawa suna kiransa teku ko da yake babu ɗigon ruwa a ciki. A tsakiyar filin, an ɗan karkata kudu, nan ramin yake, shi kaɗai. Ƙarami ne idan an gwada shi da manyan da ke can cikin duwatsu. A ƙiyasina faɗinsa zai kai daga nan Daura zuwa Sandamu, ko ya ɗara kaɗan. Yau cikinsa baƙi ƙirin ne, cike da inuwa har baki, sai leɓensa na yamma da ya kama haske siriri kamar an yanke farce.

'Yata Zubaida ta kira daga Kano, inda Talatu take jinya. Ta ce jikin da sauƙi. Ta kara mata wayar a kunne. Na ce, "Talatu, ya jikin?" Ina jin numfashinta. Zubaida ta ce barci ne ya fara ɗaukarta.

Alhamis, 7 ga wata, bayan magariba

Inuwa ta ja baya, an fara ganin gangaren ciki. Bakin ramin a ɗage yake sama da filin, kamar yadda ƙasa ke taruwa a bakin gurbin dara idan an haƙa shi da tafin hannu. Da nake koyar da labarin ƙasa a Baure na kan gaya wa yara cewa dutse ne ya faɗo daga sararin sama da gudu ya bugi wurin. A nan in ka haƙa rami damina ɗaya ta cike shi. Can babu ruwan sama, babu iska, abin da ya bugu yana nan a buge.

Daga gabas da shi akwai wani tudu siriri mai tsawo, yana tafe yana lanƙwasa. Kunya na ke ce masa, don kamar manomi ne ya ja kunya ɗaya a gona ya ajiye garma ya tafi. Sai rana tana ƙasa-ƙasa ake ganinta. Jibi ba za a gan ta ba.

Tukunyar tana nan a bakin murhu inda ta faɗi ranar da ciwon ya kayar da Talatu. Ban taɓa ta ba.

Juma'a, 8 ga wata, bayan la'asar

Isyaku ya biyo daga masallaci da tuwon da matarsa Lami ta aiko. Ƙanin Talatu ne, dillalin awaki, bakinsa ba ya hutawa. Ya tarar da ni ina goge gilashin madubin.

"Mijin Yaya, har yanzu leƙen gidan mutane ake yi a sama? Wata rana za su watso maka ruwan wanke-wanke."

"Babu ruwa a can," na ce masa.

"To me ka ke nema a garin da babu ruwa? Ga Kusugu nan kusa da kai."

Ya je Kano shekaranjiya ya dubo ta. Na tambaye shi ya hanya, ya mutanen gidan, ya yaran Zubaida, ya tsadar abinci a can. Ya amsa duka yana kallona. Da na gama ya ce, "Saura mutum ɗaya ba ka tambaya ba."

Na ce ai Zubaida tana gaya mini.

Ya ce, "Zubaida 'yarka ce, kunyarka take ji." Ya sa takalmansa.

Lahadi, 10 ga wata, hantsi

Ban ci tuwon ba. Kaji sun ci.

Litinin, 11 ga wata, bayan magariba

Zubaida ta kara mata wayar. Na ce, "Talatu, Malam ne." Shiru. Na ce, "Uwar Zubaida." Shiru. Can sai na ji muryarta, a karon farko tun ranar, a karkace kamar bakinta cike da ruwa. Ba da ni take ba, da Zubaida take.

"Wace ce Talatu?"

Zubaida ta yi sauri ta ɗauke wayar, ta ce sabis ne ba kyau.

Sabis yana da kyau.

Ramin yau ba shi da armashi. Inuwar ta zama ɗan baka siriri a gindin bangon gabas. Ƙasansa a baje yake, babu tudu a tsakiya irin na manyan ramuka. Daga gefe ɗaya kamar bangon ya zaftare ya zubo ciki.

Talata, 12 ga wata, bayan azahar

Na aika aka kira Isyaku. Na ce ya gaya mini abin da ya gani, kada ya rage.

Ya zauna a kan tabarma, ya cire hula, abin da ba ya yi. Ya ce tana gane shi, amma a matsayin yaro, har ta tambaye shi ko ya kai awaki rafi. Ba ta gane Zubaida ba, tana ce mata "baiwar Allah". Ya ce duk abin da ya faru tun daga ranar da aka kawo ta gidan nan ya goge. Ma'aikaciyar asibiti da ta kira ta da sunan da ke jikin kati, nan take ta amsa.

Sunan da ke jikin kati shi ne sunan da aka yanka mata rago da shi. Shi ne kuma sunan mahaifiyata. Ranar da aka kawo ta daga Baure, Talata ce, gwaggonnina suka ce ba za a riƙa kiran sunan Inna a tsakar gidan Inna ba, suka sa mata Talatu. Daga ranar ta zama Talatu a bakin kowa. Ni ban taɓa furta wancan sunan ba, ba don ita ba, ba don kowa ba. Ko ɗaliba ce mai sunan a ajina, "mai sunan Inna" na ke ce mata, yara suna dariya. Ko watan nan da muke ciki ba na rubuta shi cikakke.

Isyaku ya ce, "To ka kira ta da shi mana. Je ka tambayi liman, babu ayar da ta hana."

Na ce na sani.

"Inna ta rasu tun ina saurayi. Ba za ta fito daga kushewa ta mare ka ba."

Na ce ya sa hularsa ya tafi kasuwa.

"Ko ka shirya in kai ka Kano ta ga fuskarka."

In je in tare a gidan suruki, ina tari da asuba, ana kai mini buta. Ga ƙirjin nan da likita ya ce kada in wahalar da shi a mota. Na ce masa sai an ga yadda hali ya yi.

Alhamis, 14 ga wata, magariba

Wata ya fito cikakke daga bayan gidan maƙwabta, jawur, sannan ya yi fari. Mutane suna son sa a haka. Ni a haka ba na ganin komai. Rana tana tsaye a kan ramin, babu inuwa ko kaɗan, ya koma ɗan zobe fari, sai wanda ya san wurin ne zai gane shi. Kunyar ta ɓace ɗungum, filin ya zama sumul kamar daɓe. Abin da ke fitowa a irin wannan dare shi ne wani farin zane da ya ratsa filin daga kudu zuwa arewa, ya bi ta gefen ramin, kamar an ɗauko gari a buhu mai huda.

Sau ɗaya Talatu ta taɓa yarda ta leƙa. Muna Baure a lokacin, madubin sabo ne a hannuna, wani malamin lissafi ɗan Indiya ne ya bar mini da zai koma ƙasarsu. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta ce, "Ashe shi ma ya yi agana." Ta shafa kumatunta inda zanzanar take. Ta ce, "Kuma duk da haka ake ta yabonsa." Ta koma ta ci gaba da tankaɗe.

Zubaida ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Juma'a, 15 ga wata, bayan sallar Juma'a

A masallaci an tambaye ni mai jiki. Na ce da sauƙi. An ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ce amin.

Asabar, 16 ga wata, hantsi

Na gwada furta sunan. Na rufe ƙofar zaure, na shiga ɗakin Talatu, na zauna a bakin gado. Babu kowa a gidan sai ni da kaji. Na buɗe baki. Harafin farko ya zo har kan harshe ya tsaya. Sai na ga Inna a bakin ƙofa da zanen saƙi, tana tsinke zogale, yadda take ɗago kai idan yaro ya yi abin da bai dace ba. Ba ta faɗa. Kallo kawai.

Na yi shekaru ina koya wa yara furta sunayen koguna da duwatsun ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Wannan gajeren suna ya gagare ni.

Ɗakin yana ƙanshin man kaɗanya. Na fito.

Litinin, 18 ga wata, bayan asuba

Yanzu wata ba ya fitowa da wuri, sai dai in tare shi da asuba yana gangarawa yamma. Raɓa ta jiƙa gilashin, na goge da bakin riga. Inuwa ta fara dawowa cikin ramin, amma ta ɗaya gefen. La'asar ɗinsa ce ta fara.

A can bakin filin, inda duwatsu suka kewaye shi, akwai wani babban rami tsoho wanda bangonsa na ɓangaren fili ya rushe, baƙar ƙasar filin ta malala ta cika shi. Saura rabin katanga a tsaye, kamar kufai. Nawa ba haka yake ba. Bakinsa a kewaye yake tsaf, babu inda ya karye. A littafi an ce irin waɗannan su ne masu ƙuruciya. Ƙuruciyar da ta girmi Daura da duk wanda ya taɓa sha a Kusugu.

Yana da suna, na tabbata. Turawa ba su bar ko ɗaya ba suna ba. Taswirar da ɗan Indiyan ya haɗa mini da ita gara ta cinye daidai wurin tun ban haddace ba. Zubaida ta taɓa cewa za ta duba mini a waya. Na ce ta bari.

Talata, 19 ga wata, bayan magariba

Zubaida ta daina cewa da sauƙi.

Ta ce, "Baba, ba ta cin abinci sai an matsa. Maganar ma ta ragu. Jiya Kawu Isyaku ya kira ta a waya ta amsa masa, yau ko shi sai da ya kira ya sake kira."

Na ce Allah ya sawwaƙe.

"Likita ya ce a riƙa yi mata magana da abin da ta sani, tun tana amsawa. Ya ce ba a san ko zuwa yaushe ba." Ta ƙara da cewa, "Baba, ni ba zan iya kiran sunanta ba, uwata ce. Na gwada, kuka ya zo mini. Amma kai mijinta ne."

Na ce ta kara mata wayar.

Na ce, "'Yar Baure." Na ce, "Mai sunan Inna." Na ba ta labarin kaji, na ce wake-waken ta fara kwanci a bayan rumbu. Na ce rijiya ta yi ƙasa. Na yi ta magana har kuɗin wayar Zubaida ya ƙare ko ita ta kashe, ban sani ba.

Laraba, 20 ga wata, bayan asuba

Kunyar ta fito fiye da kullum, inuwarta ta kwanta doguwa a bayanta. Daga nan duhu ya taso daga gabas ya haɗiye ta. Ramin ya cika da inuwa har wuya. Daga arewa da shi akwai wani ɗan mitsitsin rami da ba na gani sai iska ta kwanta. Yau na gan shi, ya ɓace, na sake ganinsa. Ko idona ne.

Iska ta taso, wata yana ta tsalle a cikin gilashin.

Alhamis, 21 ga wata, bayan asuba

Leɓen ramin kaɗai ya rage, ɗan haske a cikin duhu, kamar bakin ƙwarya a ɗaki. Kafin gari ya waye sosai shi ma ya tafi. Rana ta faɗi a can. Sai kuma wata mai kamawa.

Na bar madubin a waje. Ba ni da ƙarfin mayar da shi.

Asabar, 23 ga wata, la'asar

Babu abin dubawa.

Lahadi, 24 ga wata, bayan la'asar

Isyaku ya dawo daga kasuwar Mai'aduwa yana warin awaki. Ya ga madubin a tsakar gida kaji sun hau ƙafafunsa, ya ɗauke shi ya kai ɗaki ba tare da ya yi mini tsiya ba. Na fi son ya yi tsiyar.

Ya ga tukunyar a bakin murhu. Ya sunkuya zai ɗauka, na ce ya bar ta. Ya bar ta.

Ya ce, "Malam, in faɗa maka wata magana? Ranar da za a kawo Yaya gidan nan, a mota ta ce mini, Isyaku, an ce can za a canza mini suna, to wa zai riƙa kirana da nawa? Na ce ni. Ina yaro, ban san da na girma ni ma Yaya zan koma ce mata ba. Shekara da shekaru babu wanda ya kira ta da shi sai masu allurar rigakafi."

Na ce ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

"Wa za ta yi wa? Kai?"

Ya ci rabin tuwon da ya kawo mini don in ci sauran. Na ci.

Talata, 26 ga wata, hantsi

Na je kushewar Inna. Ɗan acaɓa ya kai ni a hankali, ya jira ni a bakin hanya. Kabarin ya baje, da icen da aka kafa na gane shi. Na yi mata addu'a. Na tsaya. Ban san abin da na je nema ba. Izini ake nema a wurin mai rai.

Da na dawo ƙirjina ya riƙe, na kwanta har azahar ta wuce ni.

Laraba, 27 ga wata, bayan magariba

Zubaida ta ce yau ko ruwa da cokali aka ba ta. Ba ta ce uffan ba tun safe. Ban ce a kara mata wayar ba.

Alhamis, 28 ga wata, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Na yi sallar magariba a gida. Ni na kira, ban jira Zubaida ba. Na ce ta kara mata a kunne, ita kuma ta fita daga ɗakin. Ta ce to, Baba. Na ji ƙarar ƙofa.

Numfashinta kawai, yana shiga yana fita da ɗan kurari. Na juya wa ƙofar ɗakin Inna baya. Na rufe ido.

Na ce, "Rabi."

Muryar da ta fito ba irin tawa ba ce. Na sake cewa, "Rabi. Rabi'atu."

Numfashin ya tsaya. Sai ta ce, "Na'am." Sarai, babu karkacewa, da ɗan ja a ƙarshe irin na yarinya da aka kira tana tsakiyar wasa.

Ban shirya abin da zan ce bayan nan ba. Ita ce ta yi magana.

"Baffa?"

Baffa shi ne mahaifinsu, ita da Isyaku. Ya rasu tun ba a haifi Zubaida ba.

Na buɗe baki in ce Malam ne, Kalilu ne, mijinki. Ta riga ni.

"Baffa, ina ka shiga? An ajiye ni a gidan wasu mutane. Suna da kirki, amma ban san su ba. Ka zo ka tafi da ni."

Na ce, "Kin ci abinci?"

"Ba na cin abincin mutane."

"Ki ci, Rabi. Ni na ce su ba ki."

"To."

"Ki cinye duka."

"To, Baffa. Za ka zo?"

Na ce ina zuwa.

Bayan isha Zubaida ta kira tana kuka tana dariya. Ta ce ta sha kunu rabin kofi, ta nemi ƙari. Ta ce, "Baba, me ka ce mata?" Na ce maganar manya ce.

Ba ta san ni ba. Na rubuta don in gani da idona. Ba ta san ni ba, kuma ta amsa.

Juma'a, 29 ga wata, bayan la'asar

Na gaya wa Isyaku komai, har da Baffa. Ya cire hularsa. Sannan ya ce, "Wato yanzu kai ne ubana. Allah ya kiyaye." Ya share ido da hular.

Na ce ya nemo mota, gidan gaba, kuma direban da ba ya gudu. Ya ce ƙirjin fa? Na ce da shi za a je. Ya ce gidan suruki fa? Na ce akwai zaure.

Lami za ta riƙa zuba wa kaji tsaba. Na wanke tukunyar na kife.

Asabar, 30 ga wata, bayan asuba

Ina zaure da jakata, Isyaku ya tafi tasha. Na kira Zubaida na ce idan ta farka ta tambaya, a ce mata Baffa yana hanya.